Daga Liyon ta Faransa zuwa Damagaram: abin kiɗan da ya dace da ƙaramin yaro

Yaya, gaisuwa mai yawa, da fatan su Inna da yara kowa lafiya. Kin ce in sayo wa autanki fiyano mai batir, irin wanda ke cika Kasuwar Dole gab da Sallah, amma na Turai don ya fi ƙarko. Abin kiɗa zan aiko in sha Allahu, sai dai ba wannan ba.

Yawancin kayan wasan da ke kantunan Faransa ƴan Sin ne, daidai da waɗanda ke shigo mana ta Kano. Abin da ya raba su shi ne sa ido. A nan doka ta ce sai da tambarin CE, alamar cewa ya cika ƙa'idar Turai, za a sayar da abin wasa. Wanda bai dace da ɗan ƙasa da shekara 3 ba kuwa, za ki ga an zana fuskar jariri cikin jan da'ira, an rubuta 0-3, an ja layi a kai. Murfin gidan batir ba ya buɗuwa da farce, sai an kwance kusar da ta riƙe shi. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, Yaya. Ƙaramin batirin nan irin na agogon hannu, in yaro ya haɗiye shi ya maƙale, yana iya ƙone masa maƙoshi cikin awa 2. Don Allah ki duba kayan da ke ɗakinki, duk wanda murfinsa ke fita da yatsa ki cire masa batir.

Sai batun ƙara. Hannun yaro gajere ne, abin wasa kusa da kunnensa yake kullum, wani lokaci ma manna shi yake yi. Kafin ki biya, ki kunna ki kara a kunnenki. In ya dame ki, ki ajiye wa mai kanti kayansa.

Tsada kam akwai ta. Ƙaramin balafo na katako, jerin ƴan itatuwa da ake bugawa da sanda su ba da sauti, yakan kai wajen yuro 20, kuma yuro ɗaya sefa 656 ne, kin ga an haura jika 13. Shi ya sa iyaye da yawa ke zuwa gidan aron kayan wasa na unguwa, a ɗauka, yaro ya yi kwanaki da shi, a mayar a sake wani. Wallahi na so a ce muna da irinsa a Birni ko Zongo, ko da ɗaki guda ne a makaranta.

Abin da ya hana ni sayen fiyanon shi ne ajin kiɗa na ƙananan yara da nake kai ɗiyata. Malamar ba ta da abin batir ko ɗaya. Ƙwarya ce kife a tabarma, da caki, da ƴar ganga. Na ga wani yaro ya girgiza caki, ya tsaya cak, ya karkata kai yana jiran ƙara, ya sake girgizawa a hankali, sannan da ƙarfi. Shi da kansa ya gano hannunsa ne ke kawo sautin. Fiyano mai batir kuwa, danna ɗaya waƙa ta kama yi har ƙarshe, yaro ya koma ɗan kallo, bayan kwana biyu ya jefar. Mu da muka tashi da kiɗan ƙwarya da shantu a gidajen biki, da kakaki da algaita a ƙofar Sarkin Damagaram, wannan kayan a tsakar gidanmu suke.

Su ma dai sai an lura. Cakin da bakinsa bai toshu sosai ba, tsakuwar ciki na iya faɗawa bakin yaro, kuma gangar gwangwani akwai kaifi da tsatsa. A bar wa manyan yara ita.

Balafon zan ba wani ɗan garinmu da zai sauka Yamai ƙarshen wata, sandunansa masu kauri ne, kawunansu ba sa cirewa. Ke kuma ki sa a nemo mini ƙwarya biyu masu kauri da caki ɗaya, ya taho mini da su in zai dawo.