Ajin da Ake Barin Babba Ya Yi Tambaya: Sharhi Kan Koyarwar Manya a Wata Ikkilisiya ta Legas

Na kammala zango guda na ajin koyarwar manya a wata ikkilisiya da ke wajen Ikeja, kuma ina ba duk Kirista mai jin Hausa da ke Legas shawarar ya gwada irinsa, ko da yake akwai gyara. Ikkilisiyar tana cikin waɗanda ake kira masu sassaucin ra'ayi: mata suna hawa bagade su yi wa'azi, ba a tsananta maganar sutura, kuma ba a ɗaukar tambaya a matsayin rashin bangaskiya. Ni 'yar ikkilisiyar Hausa ce a Agege, can nake sujada, can nake Zumuntar Mata, ban kuma sauya ba. Ajin a buɗe yake ga kowa, ba a biyan ko sisi sai kuɗin buga takardun darasi.

Yawancinmu da muka taso a Arewa, karatun bangaskiyarmu ya tsaya ne a ajin baftisma. Ka haddace amsoshi, dattawa su gwada ka, a kai ka rafi, shi ke nan. Daga nan sai wa'azin Lahadi har tsufa, kuma wa'azi ba a ɗaga masa hannu. Wannan giɓin ajin ya zo ya cike.

Darasin da ya fi kama ni shi ne na zakka. Kowa a Legas ya san Malakai 3:10, don babu ayar da ake karanta mana kamarta idan lokacin baiko ya yi. Malamar, wata dattijuwa da muke kira Mama, ba ta ce a daina bayarwa ba. Sai ta sa muka buɗe Maimaitawar Shari'a 14:28-29, inda aka ce a ƙarshen kowace shekara uku a tara zakkar amfanin gona a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Wani bawan Allah mai gadi a Ogba, mutumin Tafawa Balewa, ya sa yatsa a kan ayar ya bi ta a hankali, sannan ya ɗago ya ce, "Mama, ashe matar ƙanena da aka bari da yara huɗu tana da rabo a ciki?" Mama ta ce, "Baba, kai ka karanta da idonka, me ka gani?" Muka kwashe sauran lokacin a kan wannan tambaya, har da masu ja da cewa dokar Isra'ila ce ta manoma, ba ta mai albashi ba. Ba a rufe bakin kowa ba. Wannan ne ya sa na amince da ajin.

Haka aka yi da maganar mata. An karanta 1 Timoti 2:12, ayar da Bulus ya ce bai yarda mace ta koyar ba, a fili, ba a ɓoye ta ba, sannan aka ajiye ta kusa da Romawa 16, inda Bulus ya yaba wa Fibi mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, da Ayyukan Manzanni 18:26, inda Biriskila da mijinta Akila suka ƙara wa Afolos bayani. A nan ne kuma nake da ƙorafi. Fasto matashi da ya jagoranci wannan darasi ya zo da amsarsa a aljihu. Da wani dattijo ya kawo fahimtar da aka rene mu da ita, sai ya amsa masa a gaggauce kamar mai ra'ayin da ya tsufa. Ni ina goyon bayan mace ta koyar, amma raina bai so yadda aka yi da dattijon ba. Wanda ya ce ƙofarsa a buɗe take ga tambaya, dole ya buɗe ta ga mai ra'ayin riƙau ma.

Sashen tarihi ya yi daɗi, sai dai an yi shi da gudu. An taɓo taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a Nikiya a shekarar 325, da dalilin da ya sa Littafi Mai Tsarki namu yake da littattafai 66, na Katolika kuma 73. An yi maganar zuwan 'yan mishan Badagry a 1842 da naɗin Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864. Amma Arewa sai da muka tambaya. Alhali a nan Legas ɗin ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a 1893 da niyyar shiga ƙasarmu, aikin mishan da ya haifi ikkilisiyar ECWA a 1954. Ba a ambaci zuwan ɗan mishan Karl Kumm garin Wase a 1904 ba, ko fara aikin mishan a Garkida a 1923, ko Likita Miller na Zariya da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Mu 'yan Arewa ne muka riƙa cusa waɗannan, malaman kuwa suka karɓa hannu biyu, har suka ce za su sa a zango mai zuwa.

Wani abin da ban taɓa ji a aji na coci ba shi ne zama guda sukutum kan zaman tare da Musulmi. Mu da ke Agege da Idi-Araba da Mile 12, maƙwabtanmu ne, da yawanmu ma 'yan uwanmu ne na jini. An fara da Farawa 25:9, inda Ishaku da Isma'ilu suka haɗu suka binne mahaifinsu Ibrahim. Wata 'yar'uwa daga Borno, wadda rikici ya koro, ta ce ita gafara tana yi mata nauyi. Ba wanda ya jefa mata aya don ta yi shiru. Aka saurare ta har ta gama, aka yi addu'a tare da ita.

Babbar matsalar ita ce harshe. Turanci ake yi, a sirka da Pidgin, takardun kuma Turanci ne mai nauyi. Mu muke zama a gefe guda muna fassara wa juna a raɗa, kowa da Littafinsa na Hausa a cinya. Iyayenmu mata da suka fi kowa sanin Littafin ba za su iya bin ajin ba, kuma asara ce ga ajin kansa. Lokacin ma bai dace ba: yammacin Laraba, daidai sa'ar da hanyar Agege zuwa Ikeja take cushewa, ga shi tun 2022 an hana acaɓa a Ikeja. Masu gadi da masu aikin dare sukan tashi kafin a rufe da addu'a.

Wanda zai je, ya tafi da Littafinsa na Hausa da biro, ya kuma shirya jin abin da zai saɓa wa abin da ya saba ji. Mun roƙi a mayar da ajin ranar Asabar, a kuma ba mu rukunin Hausa ko da sau ɗaya a wata. Na riga na rubuta sunana a zango na gaba, wanda za a yi a kan littafin Ayuba.