Baƙin Fentin DuraTex a Kan Akwatunan Lasifika

Akwatunan lasifika huɗu da muke hayarwa don wa'azi da walima a Agege sun sha wahala, domin danshin daminar Legas ya ɓamɓare kafet ɗin jikinsu, har katakon ya fara kumbura ta ƙasa. Da farko na shafa musu fentin mai na gama-gari, amma ko igiyar ɗauri ta goga sai ya kwaile.

Daga baya na gwada DuraTex, wani fenti mai kauri daga Amurka wanda ake wanke kayan aikinsa da ruwa. Na kankare tsohon gam, na cike ramukan kusoshi, na goge katakon da samfefa, sannan na shafa sau biyu da rola mai ƙuraje, wadda ke barin jikin akwatin da kaushi irin na bawon lemo. Wannan kaushin ne ya fi burge ni, saboda yana ɓoye ƙarzuna da tabon yatsa. Na bar su mako guda a inuwa kafin na loda su a mota.

Tsadarsa ba kaɗan ba ce, amma sun je Idi-Araba da Mile 12 sun dawo, kusurwoyinsu ba su fashe ba.