Gargaɗi: ana sayar da ƙananan IC na ajiya da tambarin manya

Jama'a masu harhaɗa na'urori da masu gyaran rauta (na'urar raba intanet) da kwamfuta, a yi hattara da dillalan intanet masu tallar IC na ajiya, wato 'yan ƙananan kayan lantarki masu adana bayanai a cikin na'ura, a buhu-buhu da araha. Abin da suke yi shi ne su ciro tsofaffi daga allunan na'urorin da aka yar, ko su sayi masu ƙaramin ciki, su kankare rubutun baya, su shafa baƙin fenti, su buga lambar babba. Sai ka biya kuɗin W25Q128 mai megabait 16, a aiko maka da W25Q32 mai megabait 4. Kamfanin Winbond mai ƙera waɗannan IC ɗin ba shi da hannu a ciki, sunansa kawai aka ara.

Kafin ka liƙa ko ɗaya da dalma, ka tambaye ta da bakinta. Ka haɗa ta da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, ka kunna SPI, hanyar da za su yi magana da juna, ka gudanar da manhajar flashrom da wannan umarni: flashrom -V -p linux_spi:dev=/dev/spidev0.0. Manhajar za ta aika umarnin 0x9F mai tambayar suna, IC ɗin ta amsa da bait uku. W25Q128 ta gaskiya mai aiki da bolt 3.3 galibi tana cewa EF 40 18. EF lambar Winbond ce, ta ƙarshen kuma girma. In ka ga 16 a ƙarshe, megabait 4 ke hannunka, ko da zinare aka rubuta 128 a bayanta.

Inda damfarar ta fi yin ƙiba kuwa shi ne wani nau'in IC na ajiya, EEPROM masu magana ta hanyar I2C, irin su 24C256. Waɗannan galibi ba sa faɗin sunansu. Umarnin i2cdetect zai nuna maka wani abu ya amsa a adireshin 0x50, shi ke nan. Direban at24 na Linux kuma, mai kula da irin waɗannan IC, abin da ka rubuta masa a bayanin na'ura shi yake yarda da shi: ka ce 24C256 ce, ya buɗe maka fayil na eeprom mai bait 32,768, ko da 24C32 mai bait 4,096 ce a zaune. Ka rubuta gajeren saƙo, ka karanta, ya dawo daidai, ka ba dillali taurari biyar. Ranar da bayanai suka haye iyakar gaskiya, adireshi ya zagayo farko, sabon rubutu ya hau kan tsoho. Ba ƙorafi, ba saƙon kuskure. Saitin na'ura ne kawai zai watse a hannun wanda ka yi wa aiki, sunanka kuma ya ɓaci.

Don haka gwajin da nake ganin ya isa a kira shi gwaji ɗaya ne: ka ɗebo bayanan hargitse daga /dev/urandom daidai girman da aka yi maka alkawari, ka cika IC ɗin kaf, ka karanto, ka gwama da na asali ta umarnin cmp. Kada ka cika da sifiri ko wata lamba guda, domin zagayen ba zai nuna ba. Sabuwar filas kuma, wato IC irin su W25Q128, FF ya kamata ka tarar daga farko har ƙarshe kafin ka rubuta komai. In ka ga ragowar manhajar wata na'ura, gwanjo aka kawo maka. Ɗan asiton (sinadarin goge fenti) a auduga ma kan tona fentin.

In kun yi ƙorafi, dillalin zai ce wayoyinku ne suka yi tsawo, ko ku rage saurin agogo, wato saurin aika bayanai. Wannan kan gyara karatu mai tangarɗa, amma ba ya mayar da 16 ya zama 18. Ku ɗauki hoton allon kwamfutar da sakamakon gwajin, ku nemi kuɗinku tun wa'adin ƙorafi bai wuce ba.