Ƙaramar tirelar haya da muka kwana da ita a bakin gulbin Argungu

A lokacin hunturun da ya wuce na ɗauki hayar wata ƙaramar tirela daga hannun wani mai walda a nan cikin Sakkwato, domin mu yi kwana biyu a bakin gulbi a Argungu, ni da maiɗakina da yaranmu uku. Tirelar da nake magana a kai akwati ce ta ƙarfe mai taya biyu wadda ake ɗaurawa a bayan ƙaramar mota, kuma shi da kansa ya ƙera ta, ya ɗora mata tanti a sama wanda ake buɗewa ya zama ɗakin kwana. A cikinta akwai tankin ruwa mai cin lita 100, da farantin sola da batir mai kunna fitilu biyu yana cajin waya, da wurin ajiye tukunyar gas da kwanuka.

Abin da ya fara sa ni na yarda da mutumin shi ne bai karɓi kuɗina ba sai da ya duba motata. Ya ɗaura mata ƙugiyar ja a jikin ƙarfen ƙasa, ya haɗa wayar fitilun birki da na sigina, sannan ya sa na zagaya layinsu sau biyu yana tafe a ƙasa yana kallo. Da na fara loda kaya yadda na ga dama, sai ya ce, "Alhaji, buhun shinkafa da jarkoki su zauna a kan tayoyin ko gabansu kaɗan, domin idan nauyi ya koma baya za ta riƙa kaɗa maka mota." Na ga gaskiyar maganarsa a hanya, don kuwa duk sa'ad da babbar mota ta wuce mu iskarta takan ture tirelar gefe, amma nan take ta dawo daidai.

Tsakanin Sakkwato da Argungu kimanin kilomita 100 ne, kuma ban wuce gudun 70 ba, saboda tirelar ba ta da birkin kanta, motar ce ke ɗaukar dukan nauyin tsayawa. Motar ta kuma sha mai fiye da yadda ta saba. Ribas ne ya fi ba ni wuya, tunda idan ana so bayanta ya yi dama sai an karya sitiyari hagu, kuma ina shawartar duk wanda zai ɗauke ta ya koyi wannan a fili tun kafin ranar tafiya.

Mun fara da Gidan Tarihi na Kanta domin yara su ga kayan yaƙin Kabi, sannan muka leƙa Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Ba a su a wannan wuri sai lokacin biki, don haka muka nemi izinin mai unguwar wani ƙauye da ke gaba, ya nuna mana wani tudu a gefen fadama kusa da masu noman rani, ya kuma gargaɗe mu kada mu sauka da tirela cikin rairayi, domin tayoyinta ƙanana ne za su nutse.

Da dare ne na san darajar tantin. Da yake a sama yake, nesa da ƙasa, sanyin fadama da raɓa ba su taɓa katifar ba, kuma ban damu da kunama ko maciji ba, abin da ya fi tayar wa maiɗakina hankali tun muna gida. Ita da ƙananan biyu suka kwana a sama, ni da babban muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfar gefe cikin gidan sauro. Ruwan tanki ya ishe mu alwala da girki da wanke-wanke har kwana biyun, fitilu kuma ba su mutu ba duk da hazo ya rage ƙarfin rana. Da asuba mun yi salla muna jin masunta suna tura kwalekwale, da hantsi kuma muka sayi tarwaɗa a hannunsu aka yi farfesu.

Akwai gyara biyu da na gaya wa mai ita da na mayar. Ragar tagar tantin ta yage a gefe guda, kuma sauron bakin gulbi ba ya buƙatar ƙofa babba, sai da muka toshe ta da zane. Na biyu ya fi muhimmanci, wato babu jak da sifanar da suka dace da tayoyinta, alhali na motata ba su shiga notinta, kuma da taya ta fashe a daji da mun sha wuya kafin mu sami mai faci. Ya karɓi maganar hannu biyu, ya ce zai saka su kafin wani ya sake ɗauka. Kuɗin hayar bai kai na ɗaki biyu a masauki ba, kuma na riga na ce ya ajiye mini ita a hutun ƙarshen shekara.