Wane akwatin kayan darasi ya kamata malami ya ara ko ya saya?

'Yan uwa malamai, shekara da shekaru ina riƙe da CM2, ajin ƙarshe na firamare, nan Damagaram, kuma na ga yaro ba ya manta abin da ya taɓa da hannunsa, shi ya sa na damu da maganar nan.

Manyan hotuna na bango ba laifi, amma damina ɗaya gara ta gama da su. Bidiyo a waya kuwa yara tamanin ba za su gani ba. Akwatin da ke zuwa daga waje a haɗe yana da kyau a ido, madubin ƙara girma, maganaɗisu, sai dai ganyayen ciki na itatuwan da ko ni ban taɓa gani ba.

Ni dai nawa shi ne akwatin ƙarfe da malamai ke haɗawa da kansu, a dinga aronsa daga lakwal zuwa lakwal. Safiya ɗaya a kasuwar Dole ta isa. Ka sa 'ya'yan gawo ka tambayi yara me ya sa yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ka sa bagaruwa da guntun fata jemammiya su gane alaƙar icce da sana'ar dukawan garinmu, sannan kanwa, gishirin Bilma, auduga da mazari. Wuri, kuɗin da, kuma shi ne darasin tarihi gaba ɗaya, yaro ya riƙe a tafinsa ka ce masa da wannan ake ciniki zamanin Sarki Tanimun mai ganuwar Birni, kafin Faransawa su shigo a 1899, wallahi aji tsit yake yi.

Amma a yi hattara da masu "kayan da". Wani ya sayar min da tsabar azurfa wai ta kakanni, ashe dalma ce aka shafa wa toka, sati biyu ta tona kanta. Haka masu yawo da kan kibiya na dutse da ƙashi wai daga Gadufawa, wurin nan na hamada da ake tono ƙasusuwan halittun da, in jabu ne an cuce ka, in na gaske ne doka ta hana cinikinsu, kayan gidan tarihi ne, kar ka saya ko kyauta.

In aro za ka yi, ka ƙirga komai gaban mai ba ka, a rubuta, ku sa hannu ku biyu. Na taɓa karɓar akwati a rufe don kunya, madubin ciki dama a fashe yake, ni na biya daga albashina.