Gargaɗi ga mutanen Gusau da kewaye kan mai "jakar oksijin"

Jama'a, akwai wani mutum da ya kama hayar gida a nan Gusau yana kiran kansa Dakta, yana tallan abin da ya ce maganin iskar oksijin ne mai matsi. Bidiyonsa ya zagaya rukunonin WhatsApp. Kawuna ya faɗa hannunsa, shi ya sa nake rubuta wannan.

Kawu yana da ciwon suga, kuma gyambo ya fito masa a tafin ƙafa ya ƙi warkewa. Mutumin ya karɓi kuɗin zama 20 a dunƙule, ya ce masa ya ajiye allurar insulin don "iska za ta wanke sugan". Da na je gaishe shi na ga ƙafar ta kumbura tana wari, na ce, "Kawu, wa ya ce ka bar allura?" Ya ce, "Ɗana, Dakta ne, kuma har a Turai ana yi." Ban ga laifinsa ba. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Ƙarfin wannan damfara shi ne akwai gaskiya a gindinta. Maganin nan na gaske ne. Ana sa marar lafiya cikin ɗaki na ƙarfe ko na gilashi mai kauri, a ɗaga matsin iskar ciki ya kai ninki 2 zuwa 3 na wanda muke rayuwa a ciki, ya shaƙi tsantsar oksijin na kimanin minti 90 zuwa awa 2. Matsin ne ke sa oksijin ya narke cikin ruwan jini, kamar yadda gas ke narkewa cikin lemon kwalba, ya isa naman da jini ba ya kai wa sosai. Ana yin sa ga masu nutso a teku da suka taso da gaggawa, ga wanda hayaƙin janareta ko na gawayi ya sumar a rufaffen ɗaki, ga mummunar ƙuna, ga naman da gashin ciwon daji ya lalata, da wasu gyambunan masu ciwon suga. Ko a gyambon ma ƙari ne a kan wanke ciwo, kankare mataccen nama, maganin ƙwayoyin cuta da daidaita suga. Ba ya warkar da ciwon sugan kansa, kuma babu likitan kirki da zai ce a bar insulin dominsa.

Na je wurin da kaina. Abin da na tarar doguwar jaka ce kamar ta tamfol mai zif, ana hura ta da ɗan inji. Irin waɗannan jakunkuna matsinsu bai cika wuce ninki 1.3 na wanda muke rayuwa a ciki ba, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da su ne kawai don masu hawan manyan duwatsu da ƙarancin iska ya kama. Wato ko cutar da maganin gaske ke yi wa aiki ka kawo, wannan jaka ba za ta yi ba. Ganin kitse ake yi wa rogo.

A bango ya liƙa jerin cututtuka: shanyewar ɓarin jiki, galahanga, ciwon daji, cuta mai karya garkuwar jiki, har da rashin haihuwa. FDA ta fito fili ta gargaɗi mutane cewa ba a amince da maganin nan ga galahanga, ciwon daji ko ciwon suga ba. Amma wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na ƙasan jerin, gubar dalma. Ya san inda yake ciniki. Ya san ba mu manta 2010 ba, lokacin da yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ya ceci waɗanda suka rayu shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen, sannan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta ba yaran maganin sha mai kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari. Oksijin ba ya fitar da dalma. Na ga wata baiwar Allah da ta taso daga ƙauye da goyo tana jiran layi saboda wannan ƙarya.

Sai batun wuta. Inda oksijin ya yi yawa, ɗan tartsatsi ya isa. Shi ya sa a asibitin gaske ake sa wa mutum rigar auduga, a hana shi shiga da waya, man shafawa ko turare. A Janairun 2025 a garin Troy na jihar Michigan a Amurka, irin wannan ɗaki ya kama da wuta wani yaro ɗan shekara 5 ya mutu a ciki. A wurin mutumin namu, janareta na ƙugi a bakin ƙofa, galan ɗin fetur na gefe, na cikin jakar kuma yana danna waya. Babu wanda ya duba kunnen kawu ko ƙirjinsa kafin a zuge shi, alhali matsin na iya fasa dodon kunne, kuma wanda huhunsa ya huje ba a sa shi ciki ko kaɗan.

Na nemi ya nuna mini lasisinsa na hukumar likitoci ta MDCN da shaidar rajistar na'urar a NAFDAC. Sai ya hau faɗa, wai 'yan hassada ne suka turo ni. Da na ambaci ragowar kuɗin kawu, ya ce abin da aka biya ba ya dawowa.

Mun kai kawu FMC Gusau. An mayar da shi kan allura, ana wanke ƙafar kullum, amma yatsa ɗaya ya riga ya mutu, sai da aka cire. Na kai ƙorafi ma'aikatar lafiya ta jiha a rubuce. Yaron da ke hura wa mutumin jakar ya ce suna shirin ɗaukar ta zuwa garuruwan da ke wajen Gusau ranakun kasuwa, don haka duk mai iyaye ko dangi a ƙauye ya kira su ya faɗa musu.