Bindigar tausa ko TENS? Ga amsata, ɗan'uwa

Sannu da jiki, Allah ya ba da lafiya. Tsakanin bindigar tausa (na'urar hannu mai bubbuga tsoka) da na'urar TENS (mai tura 'yar wutar lantarki ta fata don rage zafi) da ka tambaya, ka ɗauki TENS. Duka biyun suna ɗakina, don haka ba jita-jita nake ba ka ba.

Tunda ka ce zafin yana tashi daga wuya ya bi kafaɗa har babban yatsa tun ranar da ka ɗaga ƙarfe sama da kai, da alama ba tsoka ce kaɗai ba. Jijiyoyin hannu daga lakar wuya suke fitowa, ta tsakanin ƙasusuwa. Idan faifan da ke tsakanin ƙashi da ƙashi ya kumburo ya danne ɗaya, sai ka ji abin a hannu. Wadda likitoci ke kira C6 ita ke zuwa babban yatsa da manuniya, C7 kuma yatsan tsakiya. Gwada ɗora tafin hannunka a tsakar ka. Masu irin wannan matsala da yawa suna jin zafin ya ɗan lafa. Ka ga ke nan inda ke maka ciwo daban, inda ɓarnar take daban.

Ni lokacin da nawa ya tashi, barci ne ya gagare ni. Likitar gashin ƙashi, wato fisiyo, ce ta fara manna min TENS, ta nuna min inda ake sa mannen, wato 'yan faifan da ake liƙawa a fata, a bayan kafaɗa da gefen allonta. Na sayi ƙarama mai batir, wadda ba ta kai waya girma ba. In na dawo Agege daga Mile 12 a nan Legas, bayan go-sulo da girgizar danfo sun gama da wuyana, sai in manna bayan isha'i kamar minti 20 zuwa 30. Za ka ji kamar kiyashi na yawo a fata, kafin ka ankara zugin ya kwanta. Wallahi a daren farko uwargida ce ta kashe ta, ni na yi nisa. Ga kuma ba ruwanta da NEPA. Sai dai fa ba warkarwa take yi ba, saƙon zafin take dannewa na ɗan lokaci, kuma ba kowa take karɓa ba. Atisayen da aka koya min, na mayar da haɓa baya da ƙarfafa allon kafaɗa da roba, shi ya yi ainihin aikin. Kada a manna ta a maƙogwaro ko gaban wuya, kuma mai farfaɗiya ko mai na'urar daidaita bugun zuciya ya nisance ta.

Bindigar kuwa, tana da daɗi a cinya da sharaɓa bayan motsa jiki, iyakarta ke nan. A wuya haɗari ce, don manyan hanyoyin jini da ke zuwa ƙwaƙwalwa ta nan suka bi. Tawa yanzu yara ke wasa da ita.

Ba ka tambaya ba, amma ka kiyayi 'yan kasuwar intanet masu rantsuwar na'urarsu tana mayar da faifan wuya mazauninsa. Ƙarya ce. In za ka saya, a sa batir a kunna a gabanka, kuma ka tabbata ana samun mannenta a kasuwa, don gam ɗinsa yana mutuwa. Haka masu tallan magani a cikin bas, da mai kemis da zai miƙo maka tramadol ko pregabalin ba takardar likita. Kuma don Allah kada ka bar kowa ya murɗe maka wuya wai zai ɗora, ba karaya ba ce.

Yawancin irin wannan ciwo kan yi sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, in an ajiye ƙarfe mai nauyi. Amma idan hannun ya fara rauni, kofi na suɓuce maka, ko hannu biyu suka sage, ko tafiya ta fara tangaɗi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ka bar zancen na'ura ka nufi asibiti a ranar. Akwai Asibitin Ƙashi na Igbobi, ga asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, mafi kusa in kana ɓangarenmu. Ko babu waɗannan alamun, je ka a duba ka tukuna, sannan ka kai na'urar wurin likitan gashin ƙashi ya saita maka ƙarfinta.